Idan Ganye Ya Yi Rawaya: A Binciki Sababi Kafin A Sayi Magani



Ya ɗan'uwa mai karatu, a bazarar bara ne ni da abokan aikina malamai muka yanke shawarar dasa itatuwa a farfajiyar makarantarmu ta Islamiyya, saboda ajin ƙananan yara a waje yake, kuma rana tana cin su. Muka sayo dashen lemun tsami guda huɗu. Da yake katangar makarantar ba ta kammalu ba, awakin unguwa kuma ba su san waƙafi ba, sai muka zuba ƙasa a tsofaffin bokitan fenti muka dasa su a ciki, muka jera su kusa da wurin alwala inda ido yake kansu. Ni da bakina na ce wa yara duk wanda ya gama alwala ya juye ragowar ruwan butarsa a gindinsu. Yara kuwa suka yi biyayya irin wadda ba su taɓa yi mini a kan hadda ba.

Ba a yi wata biyu ba ganye ya fara rawaya, na ƙasa ya soma zuba, na sama ya yi laushi ya sunkuya kamar mai jin ƙishirwa. Na ce a ƙara ruwa. Abin ya ƙaru. Ranar kasuwa na tsinki ganye biyu na kai wa wani mai sayar da maganin feshi. Bai tambaye ni a ina itacen yake ba, bai tambayi sau nawa ake ba shi ruwa ba, ganyen ma kallo ɗaya ya yi masa. Ya miƙo mini kwalbar maganin ƙwari, ya ce in haɗa da ɗan yuriya. Na biya daga kuɗin da iyaye suka tara, na dawo na fesa, na zuba. Cikin kwana goma uku suka bushe.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda bai taɓa zama a aji ba amma ya fi shekara hamsin yana riƙe da fartanya, shi ne ya zo wucewa ya ga ina tsaye a kansu. Bai ce komai ba sai da ya kifar da bokiti ɗaya. Ƙasar ta fito a dunƙule, baƙa, tana ɗiga, tana wari irin na kwata. Ya murza saiwar da yatsa ta saɓule. Sannan ya juya bokitin ya nuna mini gindinsa: babu huda ko ɗaya. Ya ce, "Malam, wannan ai ruwa ne ya ci shi. Ka ba wanda ya nutse tuwo." Na ce, "Baba, na ji kunya." Ya ce in huda na huɗun da ƙusa, in ɗauke shi daga wurin alwala, kada in sake ba shi ruwa sai na tura yatsa cikin ƙasar na ji ta bushe.

Bayanin abin da ya faru ba shi da wuya. Saiwa tana numfashi, kuma iskar da take shaƙa tana cikin ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cika waɗannan kafofi ya zauna kwana da kwanaki, saiwa ta shaƙe, ta mutu, ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya jan ruwa ko da tana kwance a cikinsa, don haka ganye ya yi yaushi daidai yadda zai yi a lokacin fari. Mai shuka ya ga alamar ƙishirwa, ya ƙara abin da yake kashewa. Takin zamani da na zuba a kai, da yake yana aiki irin na gishiri, sai ya ƙone 'yar saiwar da ta rage. Maganin ƙwarin kuwa na fesa wa ƙwarin da babu su.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin kuskuren nawa na bokiti huɗu ne, amma irinsa ake yi kowace damina a kan gonaki da abincin shekara. Ra'ayina shi ne: rawayar ganye alama ce, kuma alama ɗaya takan fito daga sabubba masu yawa da suka saɓa wa juna; mun kuma saki aikin gano sababi ga mutumin da cinikinsa yake kan sayar da magani. Ban ce duk mai sayar da magani maha'inci ba ne. Na ce an ɗora masa aikin da ba nasa ba, shi kuma abin da ke kan teburinsa shi zai miƙo.

Masu karatun Larabci za su tuna cewa kalmar yaraƙan a ƙamus tana da fuska biyu: ciwon shawara da ke mayar da idon mutum ruwan ɗorawa, da kuma annobar da ke sa shuka ta yi rawaya. Dacewar ta yi kyau ƙwarai. Duk likitan kirki ya san shawara ba cuta ɗaya ba ce. Tana iya zuwa daga ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila, ko toshewar hanyar matsarmama, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Malaman Andalus ma ba su raina wannan ilimi ba. Ibnul Awwam, mutumin Ishbiliya da ya rayu a ƙarni na 12 na Miladiyya, ya ware wuri a littafinsa Kitabul Filaha don cututtukan itatuwa da yadda ake yi musu magani, littafin da Turawa suka ga darajarsa har aka fassara shi zuwa Sifaniyanci a 1802. Ina ambaton wannan ne saboda wasu ɗalibanmu da suke ganin duba gindin masara ya yi wa mai rawani ƙasa.

Kwanan baya ƙanwata da ke aure a birni ta turo mini hoton wata shukar ado da take ajiye da ita a falo, mai kaurin ganye da sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, tana kukan ganyenta ya ɗashe yana faɗuwa. Sunanta hoya. Asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne da Ostireliya, kuma masanin tsirrai Robert Brown ne ya raɗa mata sunan a 1810 don karrama wani mai kula da lambu a Ingila, Thomas Hoy. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne dangin tumfafiya ce da yaɗiya, waɗannan da muke takawa a bakin hanya. A dajinta yawancin nau'o'inta a jikin itatuwa suke maƙalewa, saiwarsu tana shan iska, kaurin ganyen kuma rumbun ruwa ne. Ƙanwata kuwa ta dasa ta a laka, tana shayar da ita safe da yamma don ƙauna. Na ce ta zare ta, ta yanke saiwar da ta yi baƙi, ta mayar da ita ƙaramar tukunya mai huda da ƙasa mai sako-sako da aka cakuɗa da gutsattsarin gawayi da ɓawon itace, ta ajiye ta inda haske yake amma rana ba ta dukanta kai tsaye, ta kuma leƙa hammatar ganyen ko akwai fararen ƙwari masu kama da auduga. Ilimin Baba ne na sayar mata, ban faɗa mata inda na samo ba.

To, mu koma gona, inda maganar take da nauyi.

Mu mutanen wannan yanki na arewacin Kano, daga Minjibir da Gezawa zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Bichi, ba mu da saura. Gona tana jikin gona, kuma kowace shekara sai an nome ta. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello sannan a Jami'ar Bayero, tun shekarun 1960 yake rubutu a kan yadda wannan ƙasa mai yashi take ɗauke da jama'a masu yawa haka ba tare da ta mutu ba. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta bi diddigin abin da ke shiga gona da abin da ke fita daga cikinta a ƙauyen Tumbau, ta nuna cewa sirrin yana cikin zagayen da kakanninmu suka gina: a haɗa hatsi da wake da gyaɗa, a kwashe harawa da kara a ciyar da dabbobi a gida, a mayar da takinsu gona a kan jaki, ƙurar hunturu ma ta sauke nata ɗan rabon. Zagaye ne mai kyau amma ba shi da rara. Wanda gonarsa ba ta kai kadada ɗaya ba, kuma ya sayar da akuya ya sayi rabin buhun taki, musamman bayan tashin farashin da aka gani tun 2022 da cire tallafin mai a 2023, ba shi da halin zuba shi a inda ba a buƙatarsa.

Tambaya ta farko da ya kamata mai gona ya yi kyauta ce: wane ganye ne ya fara, tsoho ko sabo? Koren ganye daga wani sinadari ne da ake kira kulorofil, kuma shuka tana buƙatar naitirojin da magniziyam da ƙarfe kafin ta ƙera shi. Wasu sinadaran shuka tana iya kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo idan sun yi ƙaranci, kamar uwar da take rage nata tuwon don yara; wasu kuwa inda suka zauna nan suke zama. Saboda haka yunwar naitirojin daga ƙasa take farawa. A masara za ka ga tsohon ganye ya soma rawaya daga tsininsa, rawayar tana bin jijiyar tsakiya tana shiga ciki kamar bakin mashi, gefen ganyen kuma da sauran kore. Wannan ita ce wadda yuriya take warkarwa, kuma ita ta fi yawa a jigawarmu, musamman bayan marka ta wanke taki ta yi ƙasa da shi. Idan kuwa gefen tsohon ganyen ne ya ƙone kamar an bi shi da wuta, tsakiyar tana kore, to an fi zaton fotashiyam ne, yuriya ba ta da shi, sai kamfa ko toka kaɗan ko takin gida. Ƙaramar masara da ganyenta ya yi shuɗi-shuɗi ko ja-ja tana nuna ƙarancin fosfaras.

Idan sabon ganye ne na can sama ya ɗashe, jijiyoyinsa suna nan kore shar kamar zanen taswira, magana ta sauya. Wannan yawanci ƙarancin ƙarfe ne, abin da wani Bafaranshe mai suna Eusèbe Gris ya gano tun shekarun 1840 lokacin da ya shafa ruwan gishirin ƙarfe a kan ɗasasshen ganye ya ga ya koma kore. Sau da yawa ƙarfen yana nan a ƙasar, shukar ce ta kasa ɗaukarsa saboda ƙasar ta yi kanwa-kanwa. A gidajenmu ana ganin haka a lemo da gwaiba da aka dasa inda mata suke zubar da toka da ruwan wanki shekara da shekaru. Ƙara toka a irin wannan wuri, da sunan taki, ƙara ciwo ne.

Gyaɗa da wake kuma nasu hukuncin daban ne, domin suna samar wa kansu naitirojin ta hanyar ƙananan ƙullutun da ke jikin saiwarsu. Tuge guda ɗaya, ka fasa ƙullutun da farce: idan cikinsa ja-ja ne yana aiki. Gyaɗa ta fi buƙatar sufa a kan yuriya, saboda fosfaras da kalsiyam da kibritun da ke cikinsa.

Tambaya ta biyu: ina rawayar take a cikin gonar? Idan ta bi gefe ɗaya, gefen da maƙwabci ya fesa maganin ciyawa ranar da ake iska, to ba sai an yi nisa ba. Idan a kwari take inda ruwa ke kwanciya, labarin bokitina ne. Idan dawa ko gero ya tsumbure, ganyensa ya yi dabbare-dabbare, ga ruwa ga taki amma ya ƙi tashi, a tona gindinsa, domin wuta-wuta tana gama yawancin ɓarnarta a ƙarƙashin ƙasa tun kafin furenta ya fito. Babu feshin ƙwarin da zai taɓa ta, kuma duk wadda aka bari ta zubar da iri ta bar wa gonar dubban ƙwayoyi da za su iya jira fiye da shekara goma. Idan kuwa ɗaiɗaikun shuka ne nan da can suka lalace a tsakiyar lafiyayyu, abin kuma yana yaɗuwa, to a yi zaton cuta, a juya bayan ganyen a ga me ke zaune a wurin.

A nan dole mu tsaya a kan 1975, shekarar da dattawanmu ba su manta ba. Kano da aka sani da dalar gyaɗa tana farfaɗowa daga farin farkon shekarun 1970 sai kuturtar gyaɗa ta sauka. Ganye ya yi rawaya ya nannaɗe, shuka ta dunƙule ta ƙi yin 'ya'ya. An ƙiyasta ta lalata gyaɗa a kusan kadada 700,000 a arewacin Nijeriya, hasarar da ta kai kimanin dalar Amurka miliyan 250, kuma tana cikin abubuwan da suka karya noman gyaɗa na fitarwa a ƙasar nan. Cutar bairos ce, darɓa ce take ɗaukarta daga shuka zuwa shuka. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, ko an juye mata buhun taki. Abin da ke aiki duk kafin kamuwa ne ko a farkonta: shuka da wuri, shuka a matse domin darɓa ta fi sauka inda take hango ƙasa tsakanin shuke-shuke, tuge wadda ta kamu tun tana ɗaya-biyu, da kuma iri mai juriya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da ICRISAT sun fitar da irin waɗannan, cikinsu akwai SAMNUT 24 da aka saki a 2011, mai nuna da wuri. Manomin da ya ɗauki kuturta a matsayin yunwa ya yi hasara biyu: kuɗin takinsa, da kwanakin da ya kamata ya yi yana tugewa.

Akwai kuskure na kishiyar wannan. Baƙaƙen ɗigo-ɗigon da ke fitowa a ganyen gyaɗa har ya zube, da yawanmu mun ɗauke shi alamar nuna, alhali cutar fumfuna ce da ke rage 'ya'ya ta kuma cinye harawar da za a ba dabbobi da rani. Sannan akwai sauyin da ba ciwo ba ne sam. Gawo da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, shi ya sa gero yake kyau a ƙarƙashinsa. Sabon ganyen mangwaro ja yake fitowa kafin ya yi kore. Tsohon ganye ɗaya-biyu da ya yi rawaya ya faɗi, ajalinsa ne ya zo.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a majalisa bayan la'asar. Malam, kai albashi kake jira, mu damina muke jira. Kafin mu gama wannan bincike naka tsutsa ta gama da masara. Malamin gona kuma rabonmu da ganinsa mun manta. Mai magani shi ne a kusa, har bashi yake ba mu. Maganar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda aka fara ganinta a Afirka a 2016, Nijeriya na cikin wuraren farko, ba ta jiran kowa. Amma ita ai ganinta ake yi: ga huda a ganye, ga kashinta kamar dussa a cikin zuciyar shukar. Wanda ya buɗe ya gan ta ya riga ya yi binciken da nake magana, kuma bai ɗauke shi minti biyar ba. Abin da nake ƙi shi ne a fesa guba a kan abin da ba a gani ba, a shaƙe ta, a wanke injin feshi a kududdufin da dabbobi ke sha, a kashe ƙwarin da suke cin darɓa, ganyen kuma yana nan yadda yake.

Gaskiya ne kuma ido yana iya kuskure. Alamomi sukan haɗu, shuka ɗaya ta kasance da yunwa da cuta a lokaci guda, kuma wani abin sai an kai ƙasa ɗakin gwaji. Amma akwai gwajin da talaka yake iya yi. Idan kana zaton yunwar naitirojin ce, zaɓi kunya biyu, ka binne musu yuriya kaɗan a gefen gindi lokacin da ƙasa take da danshi (a binne, domin wadda aka watsa a sama rana da iska suna tafiya da kaso mai yawa nata), ka bar sauran. Bayan mako guda ko kwana goma ka duba sabon ganye, kada ka duba tsohon, domin wanda ya riga ya ƙone ba ya dawowa. Idan kunyoyin biyu sun bambanta da saura, ka sayi takin da zuciya ɗaya. Idan ba su bambanta ba, ka tsira da kuɗin akuyarka.

Wuraren tambaya ma ba su yi mana nisan da muke zato ba. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana Ɗambatta. IITA tana da gonar gwaji a Minjibir. Akwai KNARDA, akwai Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero. Kusan kowane gida yanzu akwai yaro mai waya da kyamara. Sai dai wanda zai kai tambaya ya kai ta cikakkiya: ya tuge shukar da saiwarta da ƙasarta, ya haɗa da lafiyayya guda don a kwatanta, ya faɗi abin da ya zuba da ranar da ya zuba. Ganye biyu a aljihun riga, kamar yadda na yi, ko farfesa aka kai wa sai dai ya yi canke.

Mu malaman Islamiyya muna da hannu a nan fiye da yadda muke zato. Yaran da ke gabanmu da yamma su ne suke gona da safe, su ake aika sayen magani, su suke goya injin feshi. Mun saba koya musu kada su yanke hukunci a mas'ala sai sun san surarta, mun saba tambayarsu dalili. Ban ga abin da zai hana a ɗauki rabin sa'a ranar Laraba a fita bayan makaranta a tuge masara ɗaya a duba ba. Na fara da ajina a daminar nan. Na ce kowa ya kawo shuka mara lafiya daga gonarsu, da saiwarta. Aka kawo goma sha ɗaya. Muka roƙi Baba ya zo, ya zauna a kan tabarmata, ni na koma cikin yara. A cikin goma sha ɗayan nan uku kaɗai muka sami ƙwaro a jikinsu. Ɗaya daga cikin sauran kuwa, dawar wata yarinya marainiya, da aka karkaɗe ƙasar sai ga fararen tsiron wuta-wuta guda shida maƙale da saiwarta, kakarta kuma ta riga ta fesa mata magani sau biyu.

Lemon nan na huɗu ya rayu. Mun mayar da shi ƙasa bayan an gama katanga, nesa da wurin alwala, kuma yaro ɗaya ne kawai yake da izinin ba shi ruwa, ranar Asabar da Talata.